Itace ma yana son dangi

Yau zancenmu na itace ne.

Bari mu fara da abin da kowane makiyayi ya sani. In ka bar rago ɗaya cikin garke shekara da shekaru, har ya koma barbarar ƴaƴansa da jikokinsa, ƴan tumakin sai su riƙa fitowa ƙanana, ba ƙwari. Ciwo kaɗan ya kayar da su. Shi ya sa kake zuwa kasuwa ka sayo ragon wani gari. To, itace ma haka yake. Yana bukatar sabon jini.

A cikin fure akwai wani gari mai laushi. Sai garin nan ya tashi daga wannan itace ya sauka kan wancan, sannan a sami iri mai kyau. Iska tana kai shi. Ƙudan zuma yana kai shi. Kuka da ɗorawa kuwa, jemage ne ke yi musu wannan aiki da dare. Giginya da goriba da kanya, kun san akwai mace akwai namiji. In macen ta rage ita kaɗai, namiji ya yi nisa, ina ƴaƴa za su fito?

Ku ji labarin wani itace na Sahara. Can ƙasar Aljeriya, bisa duwatsun Tasili kusa da garin Janet, akwai itacen da Abzinawa ke kira tarut. Yana cikin dangin itatuwan da ba su zubar da ganye rani da damina, kuma iska ce kaɗai ke ɗaukar garinsu. A zamanin da, wurin nan yana da ruwa da ciyawa. Har yau zanen shanu yana nan jikin duwatsu, wanda mutanen da suka yi. Da ƙasa ta bushe, dajin ya tsattsage. Aka bar ɗaya a wannan kwari, biyu ko uku a wancan. Ƙidayar da aka gama wajen shekarar 2001 ta sami itace 233 kacal. Ku rubuta a allo: 233. Waɗansunsu sun haura shekara 2000 a duniya.

Tsofaffin suna tsaye, amma ƙanana ba su da yawa. In ka fasa ƙwayoyin tarut, mafi yawansu fanko ne. Masana sun auna, sun ga itatuwan sun yi kama da juna ƙwarai, kamar ƴan ɗaki ɗaya. Nan haɗarin yake. In dangi na da yawa, wani ya fi jure fari, wani ya fi jure ƙwaro, ko masifa ta zo sai waɗansu su tsira. In duk jini ɗaya ne, abin da ya kashe ɗaya shi zai kashe saura. Don haka aka ɗebi irinsa aka shuka a Faransa da Ostireliya, kada ya ɓace gaba ɗaya.

A ƙasarmu ma akwai mai kama da shi. Bisa duwatsun Bagzan da Tamgak na Abzin akwai zaitun na daji, kowane dutse da ƴan nasa, hamada ta raba su. Da wuya ka ga sabon tsiro daga ƙwaya, sai toho daga gindin tsoho.

Kada ka ce wannan zancen nesa ne. Tambayi tsofaffin garinku yadda daji yake kafin farin 1973 da na 1984. Fari ya ci nasa, gatari ya ci nasa, gonaki suka haɗe. Yanzu kana iya tafiya mai nisa kafin ka ga kanya ko ɗanya ko ƙirya, ita ma ɗaya tilo a tsakiyar gona. Mai gona yana jin daɗi, wai ya bar itace. Ya kyauta, amma bai gama ba.

Manoman jahar Maradi sun nuna hanya tun wajen 1983. Lokacin sharar gona ba su tumɓuke kututture. Sai su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, su sassabe saura. Ku yi haka, amma ku yi shawara da maƙwabta. In kai ka bari, na gabas da kai ya bari, na gaba da shi ma ya bari, itatuwa za su jeru daga gona zuwa gona har bakin fadama. Zuma da jemage sun sami hanya ke nan. Kuma kada ka sare namijin giginya don ba ya ƴaƴa.

In za ku tara iri don gandun renon itace, kada ku kwashe na gindi ɗaya don ya fi kusa da gida. Ku tsinto daga itace 20 ko 30, ku bar kamar taki 100 tsakanin wannan da wancan, ku gauraya. Mai zuwa cin kasuwar wani gari ya riƙo ƙwaya daga can. Ma'aikatan gandun daji za su nuna muku yadda ake jiƙa iri mai tauri kafin shuka.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sunayen itatuwa 5 da suka yi wuyar gani a garinsu, ya kai wa malamin aji.