Cefanen Gida a Ma'aunin Arzikin Ƙasa



Idan masana tattalin arziki za su auna abin da ƙasa ta samar a shekara, wato ma'aunin GDP, sukan bi sawun kuɗin su ga inda ya tafi: abin da gidaje suka kashe, abin da gwamnati ta kashe, abin da aka zuba jari, sai bambancin abin da aka fitar waje da wanda aka shigo da shi. Na farkon ne zancenmu yau. Tiyar geron da magidanci ya auna a Babbar Kasuwar Katsina, kuɗin makarantar yara, maganin zazzaɓi, kuɗin mota zuwa Daura, duk suna ciki. Har hatsin da manomi ya ɗebo daga rumbunsa ana ƙiyasta masa farashi a saka shi a lissafi.

A Amurka wannan kaso na abin da gidaje ke kashewa yana kusa da biyu bisa uku na arzikin ƙasa. A Sin bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, domin sun fifita tanadi da gina masana'antu. Mu a Nijeriya, a mafi yawan shekarun nan, ya haura kashi 60. Wani zai ce ashe mun kamo Amurka. Ba mu kamo ta ba. Abin dubawa shi ne me ake saye da kuɗin.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da amsa a bincikenta na 2019: gidajen Nijeriya sun kashe kimanin naira tiriliyan 40, kuma fiye da kashi 56 cikin ɗari abinci ne. Ilimi da lafiya kowanne bai wuce kashi 6 da 'yan kai ba. Tun 1857 Bajamushe Ernst Engel ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da tukunya ke cinyewa. Binciken hukumar na wannan lokaci ya sanya fiye da rabin mutanen Jihar Katsina ƙarƙashin layin talauci. Wannan fa kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kafin hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 a tsakiyar 2024.

Jama'a, a nan nake so mu daɗe. Manomin Batsari ko Safana ko Faskari da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ya shigo birni ya kama ɗaki. Da daga rumbu yake ci, ya sayar da rara ya sayi ɗan maraƙi, wanda shi ne jarinsa. Yau awo yake yi, kullum sai ya nemo. Cin abinci ba ya tsayawa, amma noma ya tsaya, tanadi ya tsaya. Sai kason cefane ya hau a takarda alhali tuwon da ke cikin kwano ya ragu. Duk wanda ya karanta wannan hauhawa a matsayin ci gaba ya yi wa bayin Allah mummunar fahimta.

Sannan ina kuɗin cefanen ke kwana? Audugar Funtuwa tana nan, amma yadin da muke ɗinkawa da sallah yawancinsa daga ƙetare yake zuwa. Lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kowa ya ga yadda Jibiya, da ke kan iyaka, ta yi tsit, ya kuma ga yadda farashin shinkafa ya tashi a cikin gari. Mu ke kashewa, wasu ke tara riba.

Ba na cikin masu ce wa talaka ya rage ci ya yi tanadi. Wanda bai ƙoshi ba ba shi da abin ajiyewa. Aikin yana wuyan masu iko da masu hali: a tsare gonaki, a kafa injinan sarrafa hatsi da auduga a nan gida, a shigar da adashin matanmu cikin tsarin bashi mai sauƙi.

Ku kuma malamai da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ku shiga unguwanni daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, ku auna abin da gidan Bakatsine ke kashewa duk wata, ku wallafa shi da Hausa, domin masu tsara kasafin kuɗin jiha su yi aiki da shi.