Dalilan Durƙushewar Ƙungiyar Raiders ta Ƙasar Amurka



An nemi mu yi bayani a kan yadda babbar ƙungiyar wasa takan faɗi ta kasa tashi, mu kuwa muka zaɓi Raiders, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi 32 na gasar NFL, watau ƙwallon Amurka da ake sungumar ƙwallo a hannu ana bangazar juna. Kafin mu shiga maganar, ya kamata a san cewa a wannan gasa ba a korar ƙungiya zuwa rukuni na ƙasa kamar yadda muka sani a ƙwallon ƙafa. Kuɗin da gidajen talabijin suke biya raba shi ake yi daidai wa daida. Tun 1994 kuma aka ƙayyade iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta. Bugu da ƙari, duk shekara idan za a ɗauki sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wadda ta zo ta ƙarshe ita ake bai wa zaɓin farko. An tsara abin ne domin wanda ya faɗi ya samu hannun tashi. Saboda haka idan aka ga ƙungiya ta shekara ashirin a ƙasa, lalle ruwa ba ya tsami banza.

Raiders ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Ta ci kofin Super Bowl sau uku, a kakar 1976 da 1980 da 1983, kuma duk wannan ɗaukaka aikin mutum guda ne, Al Davis. Ya zo birnin Oakland na jihar Kalifoniya a 1963 a matsayin mai horar da 'yan wasa, zuwa 1972 ragamar ƙungiyar duka ta koma hannunsa. Mutum ne mai ido. Yakan ɗauko ɗan wasan da wasu suka yar ya mai da shi gwarzo, kuma shi ne a 1989 ya naɗa Art Shell, baƙar fata na farko da ya shugabanci horar da wata ƙungiya a NFL ta wannan zamani. Mun faɗi wannan ne don kada a ɗauka wawa ne ya kashe ƙungiyar. Gwani ne, kuma a ganinmu a nan ciwon yake. Shi ne mai ƙungiya, shi ne manaja, shi ke zaɓen 'yan wasa, har salon wasa ma sai da yardarsa. Muddin hankalinsa yana gaba da na tsararrakinsa, tsarin ya biya. Ranar da zamani ya wuce shi, babu wani a gidan da ke da ikon ce masa a dakata.

Ɓarakar ta fito fili a 2002. Kocinsa Jon Gruden matashi ne da ya farfaɗo da ƙungiyar, amma sunansa ya fara yin tsawo, ga kuma saɓani a kan kwantiragi. Davis ya sallama shi ga ƙungiyar Tampa Bay, ya karɓi dala miliyan 8 da damar zaɓen 'yan wasa huɗu. Cikin ikon Allah, a Janairun 2003 sai ga Raiders da Tampa Bay a wasan ƙarshe na Super Bowl. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Magajin Gruden, Bill Callahan, bai sauya yawancin dabarun da tsohon maigidansa ya bari ba, don haka 'yan bayan Tampa Bay suka riƙa gane abin da za a yi tun kafin a yi. Sau biyar suka cafke jifar Rich Gannon, madugun harin Raiders, aka tashi 48 da 21.

Daga nan sai gangara. Shekara bakwai a jere, daga 2003 zuwa 2009, babu kakar da ba a cinye su aƙalla sau 11 cikin wasa 16 ba. Jimilla sun ci 29, an cinye su 83. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin da ake sauya shugaba kowace shekara zai gane abin da ya biyo baya. Tsakanin 2002 da 2011 koci shida aka yi. Kowane ya zo da tsarinsa, kafin 'yan wasa su haddace an sallame shi, manyan masana kuwa suka riƙa gudun aikin don sun san suna ne kawai za a ba su, ikon yana wani wuri. A 2006 Davis ya dawo da Art Shell, shi kuma ya ɗauko tsohon mataimakinsa Tom Walsh ya tsara hari, mutumin da ya fi shekara goma rabonsa da NFL, yana can jihar Idaho yana tafiyar da masaukin baƙi. Wasa 2 kacal suka ci a shekarar. A 2008 Davis ya kori Lane Kiffin bayan wasa huɗu, ya tara 'yan jarida ya haska musu wasiƙar gargaɗin da ya rubuta masa, ya kira shi maƙaryaci a bainar jama'a. To, wane gwani ne zai ga haka ya kawo takardar neman aiki?

Sai maganar zaɓen matasa, wanda shi ne maganin da gasar ta tanadar wa marar lafiya. Davis ya yi imani da abu biyu tun shekarun 1960: ɗan wasa mai gudu, da madugu mai jifa mai nisa. Wasan ya canja, ya koma na gajerun jifa da lissafi, shi kuwa bai canja ba. A 2007 zaɓin farko na ƙasa baki ɗaya ya faɗo hannunsu, suka ɗauki JaMarcus Russell saboda ƙarfin damtsensa, suka lamunce masa sama da dala miliyan 30. Shekara uku ya yi aka sallame shi a 2010, bai sake buga wasa a NFL ba. Wanda aka ɗauka a bayansa, Calvin Johnson, ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu cafke ƙwallo a tarihin wasan. A wannan shekara dai suka sayar da Randy Moss ga New England da araha, suna ganin ya ƙare, ya je can ya kai ƙwallo gida sau 23 a kaka ɗaya.

Akwai kuma yawan ƙaura: daga Oakland zuwa Los Angeles a 1982, komawa Oakland a 1995, ga shari'o'i da hukumar gasar, ga tsohon filin da suke rabawa da 'yan wasan besbol. Wannan ya rage musu kuɗin shiga, amma ba mu ɗora masa nauyi da yawa ba, domin a wannan fili ne suka kai wasan ƙarshe a kakar 2002.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne abin da ya faru bayan rasuwar Davis a Oktoban 2011. Da shi kaɗai ne matsalar, da an warke. Amma ya bar gidan da ba a taɓa gina masa ma'aikata mai tsayawa da ƙafarta ba, ɗansa Mark kuma ya shiga neman mutum guda da zai cike gurbin uban. A 2018 ya dawo da Gruden a kan kwantiragin shekara goma, ya miƙa masa wuƙa da nama. Kafin a buga wasan farko an sayar da Khalil Mack, mafi ƙwarewar 'yan bayansu, ga Chicago. Ƙungiyar ta koma sabon fili a Las Vegas a 2020, kuɗi suka samu, amma Gruden ya yi murabus a 2021 bayan an tona wasu wasiƙunsa na ɓatanci. Josh McDaniels da aka naɗa a 2022 bai cika kaka biyu ba, Antonio Pierce da ya gaje shi aka sallame shi a Janairun 2025. Daga 2003 zuwa ƙarshen kakar 2024, sau biyu kawai Raiders ta shiga zagayen sili ɗaya ƙwale, a kakar 2016 da 2021, kuma duka biyun a wasan farko aka fitar da ita, na farko a hannun Houston, na biyu a hannun Cincinnati.