Barcin Dolfin da Ƙarar Inji



Idan aka ce jirgin ruwa na cutar da dolfin ko wel, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne karo: farfelar inji ta yanka bayan dabba, jini ya ɓata ruwa. Hakan na faruwa. A gabar gabashin Amurka akwai wani jinsin wel da bai kai ɗari huɗu ba a duk duniya, kuma karo da jirage na cikin manyan abubuwan da ke kashe shi. Shi ya sa tun 2008 aka wajabta wa duk jirgin da ya kai ƙafa 65 ya rage gudu zuwa kimanin kilomita 18 a awa a wasu yankuna, a wasu watanni. Amma yau ina so mu duba wata cutar wadda ba ta barin tabo, kuma masoyan dabbobin ne ke yin ta.

Mu je tsibiran Hawai. Akwai wani ƙaramin dolfin a can da ya yi suna wajen tsalle sama yana juyi kafin ya faɗa ruwa. Da dare yake kiwo, can cikin zurfin teku. Gari na wayewa sai garken ya shigo lungunan gaɓa irin su Kealakekua, inda ruwa ba zurfi, ƙasa farin yashi ce, ana iya hango kifin shak tun daga nesa. Nan suke haɗuwa kafaɗa da kafaɗa, suna zagaye a hankali, sun yi tsit. Dolfin da huhu yake numfashi, sai ya taso sama ya shaƙi iska, don haka ba ya barci gaba ɗaya: rabin ƙwaƙwalwa ke hutawa, rabin na tsaro.

To daidai wannan lokaci, da hantsi, jiragen 'yan yawon buɗe ido ke isowa. Mutane su yi ta faɗawa ruwa da kyamara, garken ya watse, wani ya yi tsalle, a tafa masa, a ce ai murna yake yi da baƙi. Kamar mai gadi ne da ya kwana a tsaye, yana kwantawa sai a yi ta buga masa ƙofa ana cewa gaisuwa aka zo yi. Yau da gobe sai ƙarfin farauta ya ragu, uwa ta kasa shayar da ɗanta yadda ya kamata. A 2021 gwamnatin Amurka ta haramta kusantar waɗannan dolfin ƙasa da yadi 50, ko a jirgi ko da iyo. A ganina an makara, amma gara da aka yi.

Mai jirgi zai ce, “Ni kaɗai me zan ɓata?” Amsar ta fito daga Shark Bay a yammacin Ostireliya, inda aka daɗe ana bin dolfin ɗaya bayan ɗaya. Binciken da Lars Bejder da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 ya nuna cewa lokacin da kamfanin yawo ɗaya ne ke aiki a wurin ba a ga wani canji ba, amma da suka zama biyu sai yawan dolfin na yankin ya ragu da kusan ɗaya cikin bakwai. Biyu kacal! Hukuma ta mayar da lasisin ɗaya.

Ƙara ma wata matsala ce. Sauti a ruwa ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, dolfin kuwa da kunne suke neman abinci, da shi uwa ke kiran ɗanta. Inji na ruri, kiran ya ɓace.

Abin da ake buƙata daga direba ba shi da wuya. Ya rage gudu tun daga nesa, ya bi ta gefe, kada ya tare wa dabbobin gaba ko ya kora su ta baya, kada kuma ya kuskura ya shiga tsakanin uwa da ɗa. Idan su suka matso don kansu, ya cire giya ya bar su su wuce. Ya ga wel na maka wutsiya a ruwa, ko garke na sauya hanya kwatsam, ko nutsewarsu na ƙara tsawo, to sallama ce ake yi masa.

Kada mu ɗauka labarin wasu ne. Duk shekara, wajen Yuli zuwa Oktoba, manyan wel masu tozo na tasowa daga tekun kudu mai sanyi su zo haihuwa a mashigin Gini, daga gaɓar Gabon har ruwan Najeriya da Benin. A watannin nan uwar kusan ba ta cin komai, kitsen da ta tara shi ne abincinta, shi ne kuma nonon ɗanta. Duk jirgin shaƙatawa da ya tashi daga Legas ya fafare ta na rabin awa don a ɗauki bidiyo, daga wannan kitsen take biyan kuɗin gudun, alhali tana da tafiyar dubban kilomita a gabanta da jariri a gefe.