Amsoshin Wasiƙunku: Durowa Mai Baki Biyu

Wasiƙarmu ta wanga mako ta fito ne daga Turba, cikin ƙaramar hukumar Isa. Malamin da ya rubuto ya ce shagonsa manne yake da gidansa, yana son kabad a jikin bango mai durowar da za a ja ta ciki, a kuma ja ta waje, don uwargida ta riƙa miƙo masa ƙuli-ƙuli da canji ba sai ta fito ba. Shin wannan yana yiwuwa?

To Malam, yana yiwuwa ƙwarai, amma ga abin da za ka gaya wa kafinta kafin ka ba shi kuɗinka.

Na farko, durowar ba ta da baya, fuska biyu gare ta, kowace da mariƙinta. Tsawonta ya zo daidai da zurfin kabad. Kada fuskar ta fi ramin faɗi, don in ta hau bakin katako, to an toshe hanya ɗaya ke nan. Kada kuma ya sa ƙarfen nan mai taya da aka saba sayarwa, gefe ɗaya kawai yake tafiya. Siririn katako mai tauri za a kafa dama da hagu, daga baki zuwa baki, durowa ta hau kai. A sa wani a samanta don kada ta kife in an jawo ta. A goga musu kyandir ko kakin zuma.

Na biyu, allon baya shi ke riƙe kabad. Tunda babu shi, dole a gicciya katako tsakanin kowace durowa, gaba da baya, a ƙarfafa kusurwoyi da gam da ƙusa. In ba haka ba kabad ya karkace, durowa ta cije.

Na uku, katako yana shan iska kamar gero a rumbu. Wanda aka auna cif da hunturu, in Agusta ta zo sai ya kumbura ya ƙi fita. A bar sarari kamar milimita 2 kowane gefe. Katakon da ake kawowa daga kudu sau da yawa ɗanye ne, in ya sha zafin Gobir sai ya tsage. Ko a Isa ka saya, ko Sabon Birni, ko Maraɗi, ko kasuwar Alhamis ta Shinkafi, ka jingine shi a inuwa makonni ya bushe tukuna. Maɗaci ya fi afara jure wa gara. Tunda bangon ƙasa ne, a shafe gurbin da siminti, a shafa maganin gara a bayan katako, ban da cikin durowar abinci.

Saura babbar magana, wato tsaro. Abin da ya buɗe maka ya buɗe wa ɓarawo. In aka zare durowa gaba ɗaya, rami ya samu har cikin gida. Saboda haka a yi ta ƙarama, tsayinta kada ya wuce inci 5, yadda ko yaro ba zai kutsa ba. A sa sakata ta cikin gida, wadda za ta shiga jikin durowar ta hana ta motsi ko'ina. Kuɗin ciniki kuwa a yi musu durowa dabam mai baki ɗaya da makulli. Rigakafi ya fi magani.

Kafin ka cika kuɗin aiki, ka zuba mata kaya, ka ja ta nan, ka ja ta can, ka gani da idonka.

Allah ya sa wa kasuwa albarka. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.