Kafin a Biya Kuɗin Gida

A watan Satumban 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ambaliya ta mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori a Maiduguri. Gidajen da aka yi shekara da shekaru ana tara kuɗinsu suka rushe.

Abin takaici, har yau mai sayen gida takardu da fenti yake dubawa, ya manta da hanyar ruwa. Ku je ku ga gidan da damina. Ku tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya taɓa kaiwa, ku duba shatin danshi a katanga. Filin kwari ba banza yake arha ba.

Masu shakkar inshora saboda addini, akwai takaful, wato inshorar Musulunci. Sai dai ku karanta yarjejeniyar da kyau, domin inshorar gobara ba lallai ta biya ɓarnar ambaliya ba, sai an rubuta hakan ƙarara.