Tsohon Batir, Gulbi da Kifin da Muke Ci



Maganar dalma ce ta tara mu, wadda ke cikin batirin mota, na babur da na sola. Idan batir ya mutu, sai a fasa shi a bakin garaji, a tsiyaye ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a gwangwani. Ruwan farko na sauka, ya kwashi ƙurar dalmar ya bi kwata da ita sai gulbi. Gulbin nan kuwa shi ne ya ratsa Jiratawa, ya wuce ta Maraɗi, ya gangara Tibiri.

Dalma ba ta ruɓewa. Kwanciya take cikin laka, inda tarwaɗa ke kiwo. Tana shiga jikin kifi ta inda yake shaƙar iska, ta taru a ƙashi da hanta. Ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa, ƙananan kifaye su mutu ko su tashi da karkataccen baya. Wanda ya rayu, tukunyarmu zai ƙare, kuma tafasa ko suya ba sa fitar da gubar.

A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, agwagi aka fara rasawa, ba a kula ba. Daga baya yara sama da 400 suka rasu, saboda dutsen zinariya mai dalma da ake daka a tsakar gida. A Thiaroye, gefen Dakar, yara 18 suka rasu a tsakanin 2007 da 2008 sanadin narka tsohon batir. Mutanen Tibiri ba sa buƙatar dogon bayani: sun ga yadda ruwa garau mai yawan sinadarin fulo ya lanƙwasa ƙafafun yaransu. Dalma kuwa ƙwaƙwalwa take kamawa. Yaro ya dinga suma ko ya kasa karatu, a ce iska ce.

Don haka kada a fasa batir a gida ko bakin gulbi. A mayar wa dillali shi a rufe. Masunta, ku daina danne dalmar birgi da haƙori. A wanke wa yara hannu da sabulu kafin ci. Wanda ya ga kifi ko agwagi na mutuwa, ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji a ranar. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mana zuri'armu.