Katafilar share lambu: saye ko haya?

An kawo shawarar mu sayi ƙaramar katafila da kuɗin asusu. Ni dai haya nake goyon baya. Tumɓuke kututture da haƙa ramin tara ruwa aikin 'yan kwanaki ne. Daga nan sai ajiya, kuɗinmu na kwance, mai neman rancen taki ta rasa. Ai ba injin niƙa ba ce, da kullum ake kawo masa hatsi. In ta lalace kuwa, bakanike sai birni.

In haya za mu yi, a rubuta jinga: wa zai sayi gas, wa zai biya direba da motar ɗauko ta? Mu haɗa da maƙwabtan lambu a raba kuɗin ɗauko, a kama rana tun kafin noman rani.